Dukiyar Da Ke Binne A Kwarin Kogin Kwara: Kada Mu Sayar Da Ita

 A bana mun ga ya dace mu yi amfani da wannan fili mu yi magana a kan wani gādo da mutanen dā suka bar mana, wanda ake takawa kullum a hanyar gona ba tare da an lura da shi ba. Muna nufin tsofaffin kufai da kayan tarihi da ke binne a kwarin Kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, tukunya ko mutum-mutumin da ke kwance cikin ƙasa shaida ne. Duk wanda ya tone shi a ɓoye ya sayar, ya kashe wannan shaida har abada, ko da kayan ya isa wani babban gidan tarihi na Turai lafiya lau.

Bari mu fara da kogin kansa. Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, wajen kilomita 240 kacal daga teku. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa da shi, sai ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar Mali har bakin hamada kusa da Tambutu. Daga nan ya karyo kudu maso gabas, ya bi ta Gawo da Yamai, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kabi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ya faɗa teku. Tsawonsa kimanin kilomita 4,180 ne, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Idan muka ce kwarin Kwara, muna haɗawa da dukan ƙasar da ruwanta ke malalawa cikinsa ta kogunan Rima, Kaduna, Gurara, Gongola da Binuwai. Wato ruwan saman da ya zuba a Kwoi, ko Kagoro, ko Zariya, ƙarshensa cikin Kwara zai kwana. Saboda haka mu ma 'yan kwarin ne. Inda ruwa yake kuwa nan mutane ke zama, su yi noma, su yi sū, su yi fatauci, su binne matattunsu. Shi ya sa tun daga Mali har bakin teku ƙasar nan cike take da sawun mutanen da suka riga mu.

YADDA ƘASA KE BA DA SHAIDA

An daɗe ana rubutawa a littattafai cewa babu birane a Afirka ta Yamma sai bayan da fataken Larabawa suka fara ƙetare hamada. Abin da ya rushe wannan magana shi ne wani tudu da ke wajen kilomita 3 daga garin Jenne a ƙasar Mali, wanda ake kira Jenne-jeno, wato tsohuwar Jenne. A shekarar 1977 wasu masana biyu daga Amurka, Roderick McIntosh da matarsa Susan, suka fara haƙa a wurin. Sun yi ta cire ƙasa kaɗan-kaɗan, suna rubuta zurfin da aka sami kowane abu, har suka kai gindin tudun. Sai ga shi mutane sun zauna a wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu. Suna noman shinkafa irin ta Afirka, suna kamun kifi, suna aikin ƙarfe, alhali babu tama a yankin, sai an kawo ta daga nesa. Wannan ya nuna akwai fatauci tun a wancan zamani. Zuwa wajen shekara ta 800 garin ya kai faɗin hekta 33, da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 2. Wajen shekara ta 1400 aka tashi aka bar shi kufai.

Ku lura da abin da ya gyara littattafan tarihi a nan: ɓuntun shinkafa, ƙayar kifi, kashin tama, gawayi da fasassun tukwane, kowanne a inda mai shi ya bar shi. Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama. Gawayi kuma yana faɗin shekaru. Kowane itace yana ɗauke da wani irin sinadarin kabon da ke fara raguwa daga ranar da itacen ya mutu, rabinsa yakan ɓace a cikin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage cikin gawayin da aka samu tare da tukunya, sai a san zamanin tukunyar. To amma idan mai diga ya zo da dare ya birkice ƙasar, ya cakuɗa sama da ƙasa, ya ɗauke abin da ya yi masa kyau ya watsar da saura, ba wani masani a duniya da zai iya mayar da ita yadda take. Kamar mutum ne ya yage shafi guda mai hoto daga littafi, ya cinna wa sauran wuta.

Ga wani misali daga can kudu, a Igbo-Ukwu ta Jihar Anambra, gabas da kogin. A ƙarshen shekarun 1930 wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa, sai ya ci karo da kayan tagulla masu ban mamaki. Labari ya kai kunnen hukuma. A 1959 masani Thurstan Shaw ya zo ya fara haƙa wurin bisa ƙa'ida, ya kuma dawo a 1964. Ya sami kabarin wani babban mutum, da kayan tagulla masu zane mai wuyar gaske, da duwatsun ado fiye da 165,000. Awon da aka yi ya nuna kayan sun kai ƙarni na 9 ko na 10, wato ɗaruruwan shekaru kafin jirgin Bature na farko ya iso gaɓar tekunmu. Da Anozie ya yi shiru ya sayar wa dillali da komai, da yau kayan suna cikin gidan wani attajiri a ƙetare, ana gardamar ko daga ina suka fito.

ABIN DA YA FARU DA NOK DA BURA

Yanzu mu dawo gida. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham ta kudancin Kaduna, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Wajen 1943 aka kai wa wani jami'in mulkin mallaka mai ilimin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kai na yumɓu daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Fagg ya ga kamannin da ke tsakanin kayan biyu, ya shiga tattara irinsu, ya laƙaba musu sunan ƙauyen da aka fara samunsu. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka sa aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Daga baya a Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu, aka tono murahun narkar da tama da suka girmi haihuwar Almasihu da ɗaruruwan shekaru.

Daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, suka shafe shekaru suna bincike a yankin Janjala na ƙasar Kagarko. Sun gano cewa mutanen Nok sun fara zama a wannan ƙasa tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu, kuma sun fara yin mutum-mutumin nan wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Gero da wake suke nomawa. A 2021 ma aka ba da sanarwar cewa an sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Ashe abincin da ke cikin rumbunanmu yau, shi ne ke cikin nasu shekara 3,000 da suka wuce.

Sai dai kash, yawancin wuraren da waɗannan masana suka isa, sun tarar masu diga sun riga su. A shekarun 1990 dillalai suka bazu cikin ƙauyuka, matasa suka bar gonaki suka shiga haƙa, aka mayar da tuddai ramuka-ramuka. Aka yi ta fitar da kaya ta kan iyaka ta hanyar fasa-ƙwauri. A shekara ta 2000 har babban gidan tarihi na Luba da ke birnin Faris ya baje kolin wasu mutum-mutumin Nok da aka saya daga hannun dillali. Bayan an yi ta ƙorafi, a 2002 Faransa ta amince cewa kayan mallakar Nijeriya ne, amma za ta riƙe su aro na shekara 25. Mallaka ta dawo a takarda. Labarin wurin da aka tono su, da abin da ke kewaye da su, wannan ya tafi ke nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan. A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, yammacin kogin, a yankin Tera. A 1983 masani ɗan ƙasar, Boubé Gado, ya haƙa wurin, ya sami ɗaruruwan tulunan jana'iza, wasu da siffar kan mutum, har da na mahayin doki. Da aka nuna kayan Bura a wani baje koli a Faransa a farkon shekarun 1990, masu kuɗi suka gani suka yi sha'awa, masu diga suka auka wa maƙabartun. Abin ya kai ga a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen kayan tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Kayan Nok, na Bura da na yankin Jenne duk suna ciki.

RUWA, YAƘI DA SAKACI

Ba dillali kaɗai ke cin tarihi ba. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya shanye tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Ba mu ce kada a yi madatsa ba, domin ƙasa na bukatar wutar lantarki. Abin da ya kamata a yaba a Kainji shi ne an tura masana sun yi binciken gaggawa kafin ruwa ya taso. Haka ya kamata a riƙa yi kafin kowace babbar hanya, madatsa ko haƙar ma'adinai. Kwana kaɗan na bincike ba zai hana aiki ba.

Yaƙi ma ya yi nasa. A 2012 'yan bindiga suka mamaye Tambutu, suka rusa hubbarori na malaman dā, a farkon 2013 kuma suka ƙone dubban tsofaffin littattafai da aka rubuta da hannu. A 2016 kotun duniya da ke Heg ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faqi al-Mahdi, ɗaurin shekara 9 saboda rusa hubbarorin. A nan gida kuma, sace masanan Jamus biyu da aka yi a Janjala a 2017, inda mutanen ƙauye biyu suka rasa rayukansu wajen ƙoƙarin ceto su, ya gurgunta aikin binciken Nok.

Sa'an nan akwai sakaci, wanda ba ya ƙara amma yana ci kamar gara. Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina da duwatsu a ƙarni na 16, gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunansa? Ganuwar dutse nawa ce a kan tsaunukanmu aka kwashe aka zuba a harsashin gini? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillali ba ya samun kasuwa sai a garin da mutanensa ba su san darajar abin da ke gare su ba.

ABIN DA WAƊANSU ZA SU CE

Wani zai ce, malam, yunwa ba ta san tarihi ba. Manomin da taki ya fi ƙarfinsa, ga kuɗin makarantar yara, in an miƙa masa kuɗi saboda ɗan yumɓu, don me zai ƙi? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za mu raina ta ba. Amma mu duba lissafin. Abin da ake ba mai haƙa a ƙauye ɗan kaɗan ne bisa abin da dillali ke karɓa a ƙetare. Kuɗin yakan ƙare kafin damina ta zagayo, a bar shi da gona mai ramuka da dabba ke faɗawa ciki. Ga kuma doka: Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi, ko fitar da su waje, ko haƙa don nemansu ba da izini ba. Idan aka tashi kamu, talakan da ke riƙe da diga ake fara samu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Muna kuma ganin wajibi ne hukuma ta riƙa saka wa duk wanda ya kai rahoto da alheri, ta ɗauki 'yan gari aikin gadi da jagorancin baƙi, domin mai gaskiya ya ga ribar gaskiyarsa.

Wani kuma, musamman cikin ikilisiya, zai ce ai waɗannan gumaka ne, me ya haɗa mai bi da su? Har akwai waɗanda in sun tono irin wannan kaya a gona sukan farfasa shi don tsoro. 'Yan'uwa, adana abu daban, yi masa sujada daban. Babu wanda ke zuwa gidan tarihi na Jos don ya durƙusa wa yumɓu. Ana zuwa ne a ga irin kitso, da ado, da gwanintar hannun mutanen da Allah ya halitta kamar yadda ya halicce mu, ya kuma ba su basira. Mu tuna cewa da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa, domin in yara sun yi tambaya iyaye su sami abin nuna musu. Al'ummar da ta farfasa abin tunawarta ba ta bar wa 'ya'yanta abin tambaya ba. Haka nan masallacin Jenne ko kabarin Askiya da aka gina a Gawo a 1495, ba na Musulmi kaɗai ba ne, kamar yadda Nok ba ta Ham kaɗai ba ce. Gādon dukan mutanen kogin ne.

Na uku zai ce, ai gara kayan su zauna a Turai inda za a kula da su, tun da har a gidajen tarihinmu an yi sata. Gaskiya ne an yi sata a shekarun 1980 da 1990, abin kunya ne kuwa. Maganinsa shi ne a gyara tsaro, a biya ma'aikata haƙƙinsu. Mutanen kogin nan kuwa sun nuna sun iya riƙon amana. Mutanen Tada, wani ƙauyen Nupe a bakin Kwara, sun riƙe wani mutum-mutumin jan ƙarfe mai ƙirar Ife ɗaruruwan shekaru. Mutanen Jenne sukan fito kwansu da kwarkwata kowace shekara su yi wa masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, sabon yaɓe. Iyalan Tambutu sun ɓoye dubun dubatar littattafai cikin akwatuna, suka fitar da su zuwa Bamako a motoci da jiragen ruwa, a bakin ransu. Maginan garin ne kuma suka sake ta da hubbarorin da aka rusa zuwa 2015. Bugu da ƙari, gidan tarihi na Turai zai iya adana yumɓu, amma ba zai iya mayar da ƙasar da aka birkice ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ba mu da ikon tsare kan iyaka, amma akwai abin da makaranta da ikilisiya za su iya. Na farko, duk wanda garmarsa ta taɓa mutum-mutumi, ko tarin tukwane, ko murhun tama, ya dakata. Kada ya ciro, kada ya wanke. Ya rufe wurin, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai labari ofishin hukumar kayan tarihi a Jos ko Kaduna. Na biyu, muna kira ga ƙungiyar tarihi ta makaranta ta ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya zauna da tsofaffin garinsu, ya rubuta sunayen kufai, da tsaunukan da aka sauko daga kansu, da wuraren da maƙera suka narka tama. Tsofaffin nan ba za su jira mu ba. Na uku, a riƙa kai 'yan aji ziyara gidan tarihi kafin su gama makaranta, domin gani ya kori ji. Na huɗu, muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su yi wa jama'a bayani, domin maganarsu ta fi ta jami'in gwamnati shiga kunne a ƙauye.

Ku kuma 'yan ajin ƙarshe da ke shirin barinmu, ba kowa ne zai zama likita ko lauya ba. Ana koyar da ilimin binciken kayan tarihi a jami'o'in Zariya, Ibadan da Nsukka. Yawancin sunayen masanan da muka ambata a sama na baƙi ne. Muna gode musu, amma lokaci ya yi da ɗan Kwoi ko 'yar Kagarko, wanda ya san harshen wurin da tsofaffinsa, zai riƙe wannan aiki.

Mutanen Nok, da na Bura, da na Jenne-jeno ba su bar mana littafi ba. Abin da suka bari shi ne abin da ke cikin ƙasa, ya kuma tsira dubban shekaru daga ruwa da gara da yaƙe-yaƙe har ya iso zamaninmu. Ramin da aka haƙa cikin dare ɗaya ya isa ya shafe shi. Idan dillali ya zo garinku da kuɗi a hannu, ku gaya masa wannan ba na sayarwa ba ne, domin akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna da ke da rabo a ciki. Allah ya ba mu hikima da riƙon amana. Amin.